Tsumma Ɗaya da Agogon Awa 72

Ƙarfe huɗu na asubar wata Litinin shugaban ɗakin sarrafa tashar lantarki ta nukiliya da nake aiki a cikinta ya rubuta a littafinsa cewa janaretan B, ɗaya daga cikin janaretocinmu biyu na ko-ta-kwana, ya fita daga aiki. Daga wannan mintin agogo ya hau kanmu. Awa 72 lasisin tashar ya ba mu: mu kwance, mu gyara, mu ɗaura, mu gwada, mu miƙa inji lafiya lau kafin ƙarfe huɗu na asubar Alhamis. In lokaci ya cika ba mu miƙa ba, ƙa'idar a rubuce take: cikin awa 6 a kashe tukunyar nukiliya, cikin awa 36 a huce ta sarai. Tashar da ke ba gari guda wuta za ta tsaya cak saboda injin da a wata ɗaya da ƙyar yake yin awa biyu yana gudu.

Ni bakanike ne ɗan bakanike. A shagon Babanmu da ke wajen Ƙofar Ruwa a Kano na fara riƙe sifana, ina wanke nozul a kwanon kalanzir, ina miƙa kaya in an kwance kan injin Lister na masu niƙa. Daga nan na yi karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariya na fara ganin tukunyar nukiliya da idona, 'yar ƙaramar nan ta bincike da ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta kilowat 30 ne da 'yan kai, ba ta ba da wutar da za ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya, amma duk da haka sai da lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, take aiki. Daga baya rabo ya kai ni Amurka, na samu gurbi a sashen gyaran injuna na wata tashar lantarki ta nukiliya. Kafin a ba ni katin shiga sai da aka ɗauki zanen yatsuna, aka bi diddigin inda na zauna da inda na yi aiki, aka gwada fitsarina da numfashina, aka zaunar da ni na amsa ɗaruruwan tambayoyin gwajin hankali. Shekara uku ina bin bayan manya. Wannan makon ne karon farko da aka rubuta sunana a kan fayil a matsayin jagoran 'yan aikin rana.

In na ce wa 'yan'uwa a gida janareta nake gyarawa a tashar lantarki sukan yi mamaki, wai mai sayar da wuta me ya haɗa shi da janareta. Amsar tana cikin halin man nukiliya. Ko an kashe tukunya, zafi ba ya yankewa nan take. Kamar murhu ne da aka janye wa itace, garwashin na nan yana ci. A sakan na farko bayan kashewa, kusan kashi 7 cikin 100 na zafin yana ci gaba da fita. A tukunyar da ke ba da zafin megawat 3,000, maganar megawat 200 ake yi. Ko bayan kwana guda akwai sauran kusan rabin kashi ɗaya, wanda ya isa ya narkar da ƙarfe in ruwa ya daina zagayawa. Famfunan da ke zagaya ruwan kuwa da lantarki suke aiki. To in layin waje ya yanke, tashar ita ma ta tsaya, wa zai ba su wuta? Janaretan nan ne. A Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta yanke layukan waje, janaretoci suka tashi yadda aka tsara, sannan ƙasa da awa ɗaya ruwan teku ya shanye su. Tukwane uku suka narke. Inji ɗaya mai sanyaya kansa da iska ya tsira, shi ya riƙe tukunya ta 5 da ta 6.

Namu biyu ne, A da B, kowanne a ɗakinsa mai kaurin bango, kowanne shi kaɗai zai iya ɗaukar nauyin. Inji ne mai silinda 16, tsawonsa ya kai na babbar motar safa, kan fistin ɗinsa ya yi faɗin tiren kawo abinci. Ko ba ya aiki, in ka ɗora hannu a jikinsa ɗumi za ka ji, domin dare da rana ana zagaya masa ruwan zafi da baƙin mai mai ɗumi don kada ya tashi a sanyi. Ba batir ke tayar da shi ba, iska ce da aka matse a manyan tankuna. A ƙarƙashin ƙasa akwai man gas da zai ishe shi kwana 7. Abin da ake nema a wurinsa kuwa guda ne: daga lokacin da aka kira shi, cikin sakan 10 ya kai cikakken gudu, ya ba da volt 4,160, ba tari ba atishawa.

Aikin awa 72 ɗin nan tun mako goma sha biyu kafin ranar aka fara shirinsa. Abin da za mu yi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa kwance injin gas: canjin filtar baƙin mai, canjin nozul biyu, gyaran wani gaskit na bututun ruwa da ya fara tsatsafa, sai buɗe ƙofofin cikin inji a duba karanshaf da ƙasan tukunyar mai. Babanmu zai yi irinsa a yini ɗaya da yara biyu. Mu fayil ɗinmu ya fi tafin hannu kauri. Kowane gaskit da aka fito da shi daga sito yana da takardar asali: wane kamfani ya yi shi, daga wane rukuni, wa ya duba shi da ya iso, yaushe wa'adinsa zai ƙare. Akwai irinsa sak a kasuwa da araha, amma ba ya shiga jikin injin nan sai an bi wata doguwar hanya an tabbatar da shi. Sifana mai awon ɗauri ita ma da lambarta da ranar da aka yi mata saiti, kuma sai ka rubuta lambar a gefen duk notin da ka ɗaura, don in an gano daga baya cewa ta kauce, a san notin da za a koma wa. Shekarata ta farko wannan abu ya dame ni ƙwarai. Gani nake hannuna ya san ɗauri, me takarda za ta ƙara mini? Ban daina wannan tunanin ba sai a makon da nake ba da labarinsa.

Tsarinmu awa 48 ne, aka bar 24 saboda tsautsayi. Ranar Lahadi aka duba hasashen yanayi, domin ba a fitar da janareta in ana sa ran guguwa. Aka hana duk wani aiki a filin taransifoma. Aka zagaye ƙofar janaretan A da igiya da allon gargaɗi, ko mai shara ba ya shiga sai da izinin ɗakin sarrafawa. Su kuma masu ɗakin duk bayan awa 8 sai sun tabbatar layukan waje na nan daram, sun sa hannu. Akwai wani dattijo Bature a cikinmu, ya fi shekara talatin a sashen, shi ya gaya mini mafarin igiyar tun ina sabo. Ranar 20 ga Maris 1990, a tashar Vogtle ta jihar Jojiya, wata motar dakon mai ta yi baya ta daki turken da ke riƙe da layin wuta. Ɗayan taransifoman yana hannun masu gyara, janareta ɗaya ma yana hannun masu gyara, wanda ya rage ya tashi ya mutu. Minti 36 aka yi babu wuta. Ruwan tukunya ya haura daga kusan digiri 32 zuwa 58 kafin a samu injin ya zauna. Direba ɗaya da bai ga bayansa ba. Tun daga ranar da na ji wannan ban ƙara ganin igiyar a matsayin ado ba.

Kafin mu taɓa komai sai masu sarrafa na'ura sun ɗaure injin. Suka rufe bawul ɗin iskar tayarwa suka sace abin da ya rage a bututu, suka zaro babban makunnin lantarki daga mazauninsa, suka tsayar da famfunan ɗumama. Kowane wuri aka rataya masa jan kati da kwaɗo. Mutum ɗaya ya rataya, wani daban ya zo shi kaɗai ya duba, ba tare suke tafiya ba don kada idon ɗaya ya ari na ɗaya. Sannan ni ma na bi da takardata ɗaya bayan ɗaya, ina taɓa lambar da yatsa ina karanta ta a fili, kafin in sa hannu cewa yarana za su iya cusa hannu a ciki. Magana ma tana da ƙa'ida. Ba a cewa B kawai, sai ka ce Biravo, domin a cikin ƙarar injuna B da D da E duk ɗaya suke a kunne. In aka ba ka umarni sai ka maimaita, mai umarnin ya ce haka ne, sannan ka motsa. Da farko nakan ji nauyin maimaita wa babba maganarsa, domin a tarbiyyarmu in babba ya faɗa "to" ake cewa. A nan "to" ba amsa ba ce.

Ƙarfe bakwai muka tsaya a da'ira, mu shida, muka bi aikin da baki. Tambayar da ake rufewa da ita kullum ita ce: mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, kuma in ya faru me za mu yi? Dattijo ya ce, a bar wani abu a ciki. Kowa ya gyaɗa kai.

Saboda wannan fargabar ake shata iyaka a kewayen injin da aka buɗe. Ba ka tsallaka ta da komai a aljihu. Agogo, zobe, biro mai murfi, duk a waje. Tabarau da tocila da sifana kowanne da igiyarsa a ɗaure. Duk bakin bututun da aka kwance sai a toshe shi da murfi mai launi. A bakin iyakar akwai tebur da littafi, abin da ya shiga a rubuta, abin da ya fita a soke. Wani saurayi ɗan koyo, watansa biyar da mu, shi na ɗora a kan littafin.

Litinin ta wuce lami lafiya. Nozul suka zauna, gaskit ya zauna, mai duba inganci ya zo a wuraren da takarda ta ce a tsaya a jira shi, ya kalli allurar sifana da idonsa ya sa hannu. Kowane layi na takardar sai ka zagaye lambarsa kafin ka fara, ka soke ta in ka gama, ba tsallake ba komawa baya. 'Yan dare suka karɓa suka ci gaba. Talata da azahar muka gama duba cikin injin, muka goge bakin ƙofofin, muka sa sababbin gaskit, muka ɗaura, aka fara mayar da baƙin mai. Muna gaba da jadawali da kusan awa biyu. Na fita na yi la'asar a ɗan lungun da nake salla, zuciyata wasai.

Ina dawowa na tarar da yaron tsaye a bakin tebur da littafi a hannu. Ya ce, "Oga, tsumma goma sha biyu na rubuta sun shiga. Goma sha ɗaya na soke."

Farin tsumma ne marar gashi, girman hankici. Muka zazzage buhun shara a kan leda muka ƙirga. Muka duba aljihunanmu, ƙarƙashin inji, cikin magudana, bayan akwatin kaya. Goma sha ɗaya. Muka sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Ana cikin haka abin ya faɗo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ina goge bakin ƙofar da ke daidai silinda ta bakwai mai duba inganci ya kira ni in zo in ga wata lamba. Na tuna na tashi. Ban tuna tsumman a hannuna ba.

Ban manta yadda wurin ya yi tsit ba. Awa 36 da rabi ta tafi. Ƙofofi a ɗaure, mai ya kusa cika. Littafin nan mutum biyu ne kawai suka san abin da ke cikinsa, ni da yaron, kuma abin da ya raba goma sha ɗaya da goma sha biyu ɗan jan biro ne. Zuciya ta kawo mini dalilai masu kama da gaskiya: wataƙila tun farko goma sha ɗaya ne ya rubuta ba daidai ba, wataƙila wani ya fita da shi ya jefar a wani wuri. Na san doka, na san wanda ya rubuta ƙarya da gangan a takardar aiki NRC, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka, na iya hana shi aikin nukiliya na shekaru. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da na gani shi ne tsumman kwance a ƙasan tukunyar mai, wata biyu, wata biyar, ana gwajin wata-wata yana wucewa, sai ranar da guguwa ta kayar da layukan waje da tsakar dare, inji ya tashi da cikakken kaya, mai ya ja tsumman ya manna shi a bakin rariya, ƙarfin mai ya faɗi, karanshaf ya ci bushe. Kuma ga yaron nan yana kallon fuskata, yana jiran ya ga yadda ake yi. Duk abin da na yi a wannan minti shi zai ɗauka a matsayin sana'a. Babanmu bai taɓa rufe shago ba sai an jera sifanu a kan buhu an ƙirga, ko da magariba ta kawo jiki, kuma bai taɓa yi mana wa'azi a kai ba. Gani muka yi.

Na ce a tsayar da zuba mai. Na kira shugaban sashenmu, daga nan na kira ɗakin sarrafawa na faɗa da bakina: akwai tsumma ɗaya da ba a gani ba, ina kyautata zaton yana cikin janaretan Biravo, kuma a hannuna ya ɓace. Shugaban ɗakin ya maimaita maganata kalma bayan kalma. Na ce haka ne. Bai ɗaga murya ba. Tambayarsa ɗaya, awa nawa muke buƙata.

Daga nan ido ya raina fata. Sai an sake janye man zuwa tanki mai tsabta, sai an sake rataya katunan da aka fara cirewa, sai an rubuta ƙarin takarda an sa mata hannu domin tsohuwar ba ta tanadi buɗewa karo na biyu ba, sai an fito da wasu gaskit daga sito tunda wanda aka matse sau ɗaya ba ya komawa. Muka buɗe ƙofa ta bakwai, babu komai a bakinta. Muka zura kyamara mai dogon wuya muna bin lungu-lungu a allo, komai baƙi ƙirin yana sheƙi. Dattijo na gefena yana riƙe da fitila, bai ce mini kanzil ba sai can ya ce, "Ɗana, in yana ciki za mu same shi. Ka kwantar da hannunka."

Ƙarfe takwas na dare shugabanmu ya dafa kafaɗata ya ce in tafi gida. Na roƙe shi ya bar ni. Ya nuna mini lissafi: doka ta hana mai irin aikinmu wuce awa 16 cikin 24, ko awa 26 cikin 48, kuma sai ya huta awa 10 kafin ya dawo. Jiya na yi 12, yau na yi 14. Na cika. Wannan ne abu mafi wuya da na yi a makon, in bar ɓarnar hannuna a hannun wasu in kama hanya. A mota na gane hikimar abin, domin sau biyu ina karanta allon hanya ban fahimci abin da ya ce ba. Mutumin da ke cikin wannan hali bai kamata ya riƙe sifana a jikin injin nan ba.

Ban yi barci ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi jagoran 'yan dare ya kira ni. Sun same shi. Man da muka fara zubawa ya wanke shi daga inda na ajiye shi ya gangara da shi can ƙasa, ya naɗe bai fi taki ɗaya daga bakin rariyar da famfon mai ke zuƙa ba. Na yi alwala na yi raka'a biyu.

Da safe na tarar da tsumman a cikin leda a kan teburin shugabanmu, ya zama baƙi, an manna masa lamba. Na zauna na rubuta rahoto. A tashar nukiliya duk abin da ya kauce, komai ƙanƙantarsa, sai an shigar da shi kundin gyaran kurakurai, kuma kowa na iya rubutawa, daga mai gadi har manaja. Na rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da sunana.

Ban gama ba sufeton hukuma ta iso. Kowace tashar nukiliya a Amurka tana da aƙalla sufetocin NRC biyu da ke zaune a cikinta dindindin. Ba ma'aikatan kamfani ba ne, ofishinsu daban, kuma babu ƙofar da ake rufe musu, dare ko rana. Kullum da safe sukan karanta rahotannin da aka shigar. Ta zo da hular kwano da ɗan littafi, ta gaishe ni, ta nemi ganin littafin shiga da fita. Ta tambayi lokacin da aka gane, da lokacin da aka tsayar da aiki, da minti nawa ke tsakani. Ta tambayi abin da ya sa aka ɗaura ƙofofi kafin a daidaita lissafi. Na ce takardarmu a ƙarshen aiki ta ce a ƙirga, ba a kowace ƙofa ba. Ta rubuta. Sannan ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi: da wannan takardar aka yi wa janaretan A aiki a baya? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Injiniyoyi suka ciro tsohon fayil ɗin A, aka ga lissafinsa ya daidaita, an sa hannu, kuma ƙarfin mansa bai taɓa motsi ba a duk gwajin da aka yi tun lokacin. Sai da ta gani da idonta ta rufe littafin.

'Yan dare sun riga sun ɗaura ƙofofi sun mayar da mai. Saura a kwance wa injin ɗauri, kuma nan ne wurin da ake yawan samun matsala, domin kowa ya gaji, kowa na ganin an gama. A tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, bawul biyu na ruwan agaji a rufe suke alhali ya kamata su kasance a buɗe, kuma katin gyara da ke rataye ya rufe ɗaya daga fitilun da za su nuna haka. Minti 8 aka yi kafin a lura. Shi ya sa kowane bawul da aka mayar sai mutum na biyu ya zo daban ya taɓa shi ya tabbatar. Aka kunna famfunan ɗumama, muka zauna jiran mai ya yi ɗumi, awanni suna tafiya ba abin da za ka iya yi don ka hanzarta su. Aka buɗe 'yan ƙofofin silinda aka juya injin da iska don a ga ko ruwa ya taru a ciki. Busasshe. Aka tayar da shi a hankali, muka zagaya da tocila muna neman ɗigo, idona a kan allurar ƙarfin mai. Ta hau ta tsaya inda ta saba. Aka kashe shi, aka bar shi ya koma yanayin jira.

Bayan la'asar aka yi gwajin gaske. Muka toshe kunnuwa da abin toshewa biyu, na ciki da na waje. Sufeton tana tsaye a gefe da littafinta. Aka ƙirga ta rediyo, aka danna daga ɗakin sarrafawa. Ƙarar iskar tayarwa kamar an tsaga sama take, sai ƙasa ta ɗauki rawa har cikin haƙori, hayaƙi ya yi tsalle daga bututu. Sakan 8 da ɗigo 4. Aka haɗa shi da layi, aka riƙa ɗora masa kaya kaɗan-kaɗan har ya ɗauki cikakke, ya riƙe fiye da awa ɗaya, muna rubuta zafin kowace silinda. Daga nan takardu suka bi hannu-hannu, mai duba inganci, injiniya, shugabanmu. Mu bakanikai ba mu da ikon cewa inji ya dawo aiki. Shugaban ɗakin sarrafawa ne kaɗai, mai lasisin hukuma, yake da wannan kalmar. Ya karanta fayil ɗin shafi-shafi muna tsaye. Ƙarfe tara da 'yan mintuna na daren Laraba ya sa hannu. Awa 65 muka ci.

Mako biyu bayan haka aka zauna a kan rahoton. An tambaye ni, an tambayi yaron, an tambayi mai duba ingancin da ya kira ni ina tsakiyar aiki. Nawa laifin ban ɓoye shi ba, an kuma rubuta shi: na tashi daga aiki ban fito da abin da ke hannuna ba. Aka gyara takardar, yanzu ba a ɗaura ko ƙofa ɗaya sai lissafin littafi ya daidaita. Tsummokaran ma aka buga musu lamba, kowanne da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Aka ce ni zan tsaya gaban 'yan sashen in ba da labarin, na tsaya na bayar, da ledar a hannuna.

Ranar Juma'ar makon na kira Babanmu bayan an sauko daga masallaci a Kano. Na ba shi labari tun daga farko. Bai katse ni ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "A ina ya maƙale?"

Na ce, "Dab da rariyar mai, Baba."

Ya yi shiru. Ina jin ƙarar wani inji da ake gwadawa a bayansa. Can ya ce, "Wa ya ƙirga?"

Na ce wani yaro ne ɗan koyo.

Ya ce, "To ka riƙe yaron nan." Sannan ya tambaye ni ko nozul ɗin irin wanda ake wankewa ne ko sai dai a canza, muka shiga wannan maganar har wani kira da ke jiransa ya sa ya ce zai neme ni da daddare.